18 ga Yuni a tarihin kiɗa da waƙa: a zo a tace wannan jeri

Mai Faifai:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani jeri da ake ta turawa na abubuwan da suka faru ranar 18 ga Yuni a harkar kiɗa da waƙa, kuma da alama masu shirye-shiryen rediyo za su kwashe shi yadda yake su karanta wa mutane. Ga abin da ke ciki. Waɗanda aka haifa: Igor Stravinsky 1882, Paul McCartney 1942, Maria Bethânia 1946, Takeoff 1994. Waɗanda suka rasu: Dakta Mamman Shata 1999, Ali Akbar Khan 2009, Clarence Clemons 2011, Ɗan Maraya Jos 2015, XXXTentacion 2018, Vera Lynn 2020. Sai wasu abubuwa biyu: wai ranar ce kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango na farko a duniya a 1948, kuma ranar ce Jimi Hendrix ya fara cinna wa jitarsa wuta a kan dandali a 1967. Guda huɗu a ciki ba su kwanta mini ba. Masana, bismillah.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗan Maraya dai a cire shi tun yanzu. Ranar Asabar 20 ga Yuni 2015 Allah ya yi masa rasuwa a Jos, ba 18 ba. Hanyar da ake faɗawa wannan kuskure a fili take. Kwana biyu ne tsakanin ranarsa da ta Shata, in aka haɗe su a shirin tunawa guda sai mai saurare ya riƙe kwanan wata ɗaya. Ga kuma wata: azumin 2015 ranar Alhamis 18 ga Yuni aka ɗauka. Wanda ya ce maka mai kuntigi ya rasu a farkon azumi bai yi ƙarya ba, uku ga wata ne. Amma in ka je ka duba ranar da aka ɗauki azumin ka rubuta ta, ka kauce da kwana biyu.

Hajiyar Funtuwa:
Allah ya jiƙansu. Na Shata daidai ne, sai dai ku sani akwai wuraren da za ku ga an rubuta 9 ga Yuni 1999, wannan ya kwafa daga wancan har ya zama kamar gaskiya. Ranar Juma'a ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka rufe shi, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. To 9 ga Yuni 1999 Laraba ce. Magana ta ƙare.

Malamin Lissafi:
Abin da Hajiya ta yi shi ne gwajin farko da ya kamata a yi wa kowane kwanan wata. Mutanenmu ba su cika riƙe lamba ba, amma ranar mako ba ta ɓace musu, don a ɗaure take da sallar Juma'a ko ranar kasuwa. In ka samu lamba a takarda, ka samu ranar mako a bakin mutane, sai ka gwama su. Ita 18 ga Yuni ma akwai sauƙi a cikinta: ita ce rana ta 169 a shekara, wato kwana 168 bayan 1 ga Janairu, mako 24 cif. Saboda haka ranar da shekara ta kama, ranar ce 18 ga Yuni za ta faɗo. 1999 ta kama ranar Juma'a, ga shi Shata Juma'a. 1967 ta kama Lahadi, bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, inda Hendrix ya ƙona jitar, ranar Lahadi aka rufe shi. 2011 ta kama Asabar, Clemons mai busa wa Bruce Springsteen ranar Asabar ya mutu, kwana shida bayan jini ya shanye masa jiki. Sai dai shekarar da watan Fabrairu ya yi kwana 29, a nan za ka ƙara rana ɗaya: 2020 ta kama Laraba, Vera Lynn ta mutu ranar Alhamis tana da shekara 103.

Ɗan Auta:
Malam, to Stravinsky fa? Wani wuri 17, wani wuri 18. Kuma tsakani da Allah, me ya haɗa mai sauraron rediyo a Malumfashi da wani ɗan Rasha mai tsara kiɗan Turawa?

Malamin Lissafi:
Ƙanena, ko ba ruwanka da kiɗansa, irin matsalarsa za ta tare ka a wani wurin. An haife shi a Oranienbaum kusa da St Petersburg, lokacin Rasha tana kan tsohuwar kalanda. Ba ta koma wadda muke amfani da ita ba sai a 1918, inda suka kwanta ranar 31 ga Janairu suka tashi 14 ga Fabrairu. A takardarsu, 5 ga Yuni 1882 aka haife shi. Tazarar da ke tsakanin kalandun biyu kuma ba a tsaye take wuri ɗaya ba. Daga Maris 1800 zuwa Fabrairun 1900 kwana 12 ce, daga nan ta zama 13, domin tsohuwar kalanda ta ba Fabrairun 1900 kwana 29, sabuwar kuwa ta tsaya a 28. Ƙa'ida ita ce a yi aiki da tazarar shekarar da abin ya faru: 5 a tara da 12, 17 ke nan. Amma bayan 1900, duk shekara 5 ga Yuni ta tsohuwar kalanda ranar 18 take faɗowa, kuma shi da kansa 18 ɗin ya riƙa yin bikinsa. Masu 18 ba daga iska suka ɗauko ba, amma ranar da uwarsa ta haife shi 17 ce. In za a sa shi a jerin 18, sai da wannan bayani. In babu lokacin bayani, a cire shi.

Sarkin Yawo:
A bar makaɗin Indiya Ali Akbar Khan a 18, ko da kun ci karo da 19 a wani rubutun Indiya. A gidansa na San Anselmo a Kalifoniya ya rasu, yana da shekara 87. A watan Yuni tsakanin Kalifoniya da Indiya awa 12 da rabi ne, duk abin da ya faru can da dare, a Kolkata hantsin washegari ne. Ƙa'idar masu wannan aiki guda ce: agogon garin da abin ya faru shi ake bi, ba agogon garin da aka buga labarin ba. In ba haka ba ko wasan Hendrix ma sai ya fita daga jerin, don tsakaninmu da Kalifoniya awa takwas ne a lokacin, sa'ad da yake kan dandali a Monterey gari ya riga ya waye a Kano, Litinin 19 ga wata.

Wani abin sha'awa, Ali Akbar Khan surukin makaɗin Indiya Ravi Shankar ne, ƙanwarsa Annapurna Devi ce matar Shankar ta farko, kuma mahaifinsu Allauddin Khan shi ya koyar da su duka. Shankar ɗin shi ya yi wasan rana a Monterey a wannan Lahadin ta 1967, Alla Rakha na buga masa gangar tabla. Mai shiri in yana da wayo zai iya ɗaure su biyun a zance ɗaya.

Mai Faifai:
Madalla. Na Hendrix shi ne na uku da nake zargi. Ya ƙona jita ranar, wannan babu ja. Abin da ba daidai ba shi ne "karo na farko". Ya riga ya yi a Landan ranar 31 ga Maris 1967, a gidan wasa na Astoria da ke Finsbury Park, har wutar ta lashe masa hannu. Na Monterey ya yi suna ne don an ɗauke shi a fim da hoto: ya kwantar da jitarsa ƙirar Fender Stratocaster a ƙasa, ya durƙusa, ya tsiyaya mata man laita, ya ƙyasta, sannan ya rotsa ta ya jefa wa 'yan kallo guntayen. Dalilin yin hakan ma a fili yake, 'yan ƙungiyar The Who ne suka riga shi hawa a daren, su kuma al'adarsu ce farfasa kayan kiɗa in sun gama, dole ya nemo abin da ya fi nasu. A kula kuma kada a haɗa da ranar mutuwarsa, don ita ma 18 ce, amma ga Satumba 1970. Haka Otis Redding da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, sun yi wasa a bikin amma ranar Asabar 17 ga wata. Bikin kwana uku ne, 16 zuwa 18, sai mai haɗa jeri ya tattara kowa ya zuba a ranar ƙarshe.

Injiniyan Sauti:
Na huɗunka na san faifan Columbia ne, Mai Faifai, kuma kuskure biyu ne a layi ɗaya. Na farko kwanan watan. Taron 'yan jarida ne aka yi a otal ɗin Waldorf Astoria a New York a Yunin 1948, wasu littattafan sun sa Juma'a 18, wasu Litinin 21. Mai gaskiya "Yunin 1948" zai ce ya wuce, ko ya faɗi duka biyun. Na biyu, ba shi ne na farko ba. RCA Victor ya gwada faifai mai juyi 33⅓ a minti tun 1931, bai karɓu ba, don faifan saurin cinyewa yake a ƙarƙashin nauyin allura, ga shi duniya tana cikin karyewar tattalin arziki.

Abin da Columbia ya yi shi ne haɗa abubuwa uku. Ya rage gudu daga juyi 78 zuwa 33⅓. Ya matse layin da allura ke bi ya ninka yawansa, fiye da 200 a inci ɗaya. Ya bar shelak, wannan baƙin abu mai nauyi da ke fashewa in ya faɗi, ya koma roba mai laushi da ake ce wa binil. Sakamakon shi ne, faifan garmaho mai inci 10 minti uku yake ɗauka a fuska ɗaya, mai inci 12 huɗu zuwa biyar, sabon kuwa ya haura minti 20 a kowace fuska. Ku auna wannan da waƙar makaɗin Hausa da kan kai rabin awa yana jefa baiti 'yan amshi na karɓa. A faifan minti uku ba waƙar kake ji ba, gutsurenta ne.

Tun da an taɓo, wanda ya gaji irin waɗannan fayafayan a gida ya kiyaye abu biyu. Kada a sa faifai mai dogon zango a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe, juyi ɗaya ya isa ya kankare layin har abada. Kan allurar 78 ya ninka na sabon faifai kusan sau uku a kauri. Kuma kada a goge faifan shelak da sifirit, narkar da shi yake. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu, a bi da'irar layin da ƙyalle mai laushi, a kare takardar tsakiya, a jingine shi a tsaye a inuwa.

Sarkin Yawo:
McCartney kam babu gardama, 18 ga Yuni 1942 a Liverpool, ranar Alhamis. Ranar da Hendrix ya ƙona jita a Monterey shi yake cika shekara 25, kuma shi ya ba masu shirya bikin shawarar su gayyato Hendrix, ko da yake shi kansa bai je ba. Amma in don mai saurare a Najeriya ne, abin faɗa a kansa shi ne Legas. A 1973, daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba, ya zo sutudiyon EMI da ke Wharf Road a Apapa ya ɗauki akasarin faifan Band on the Run. Mutum biyu sun fice daga ƙungiyarsa ta Wings dab da tafiyar, sai ya rage shi da matarsa Linda da Denny Laine, shi ya riƙa buga ganga da kansa. Na'urar sutudiyon mai layi takwas ce kacal. 'Yan fashi suka tare su da wuƙa da dare suka ƙwace jakar da ke da kaset-kaset ɗin gwajin waƙoƙin. Fela kuma ya fito fili ya ce satar kiɗan Afirka ya zo yi, har sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka.

Wannan faifai kaɗai ya isa misalin wata matsalar. An ɗauka a Legas a Satumba, an ƙarasa a Landan, ya shiga kasuwa a ƙarshen 1973, bai hau saman jadawalin Amurka ba sai 1974. In wani ya ce maka "ranar faifan", tambaye shi wacce daga ciki.

Gwaggon Yara:
Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Ku dubi jerin da kyau. A gefen rasuwa ga namu, a gefen haihuwa babu Bahaushe ko ɗaya, daga ɗan Ingila sai 'yar Brazil sai ɗan Amurka. Ku ɗauki kowace rana a shekara haka za ku gani. Shin mu mawaƙanmu mutuwa kawai suke yi?

Baban Ummi:
Gwaggo, ai ba a rubuta ba ne. Shata an ce 1923 a Musawa, iyakar abin ke nan, babu wata babu rana. Shi ya sa ba za ka iya cewa ya rasu yana da 76 kai tsaye ba, 75 ne ko 76, gwargwadon ko haihuwar ta zo kafin Yuni ko bayansa, in ma shekarar ta tabbata. Ko inda aka ba da wata ana yin kuskuren. Ɗan Maraya an ba da Disamba 1946, amma aka yi ta cewa ya rasu yana da 69, don an ɗebe 1946 daga 2015 kawai. In Disamban ne, 68 yake da ita. Na can baya kuwa, irin su Narambaɗa, ko shekarar rasuwar ma marubuta sun saɓa.

Abin da na fi tsoro shi ne mai son cike gurbi. Fom ɗin fasfo ba ya karɓar shekara ita kaɗai, sai jami'i ya sa 1 ga Janairu. Daga fasfo sai jarida, daga jarida sai intanet, shi ke nan an ƙirƙiri ranar haihuwa. Duk tsohon makaɗin da kuka ga an ce 1 ga Janairu aka haife shi, ku ɗauka shekarar kawai aka sani.

Na Maraɗi:
Haka yake a wajenmu. Takardun da, in ba a yi wa yaro rajista da wuri ba, alƙali ne ke yanke shekara, a rubuta da Faransanci cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Wannan ma ya fi gaskiya, don takardar da kanta ta nuna kintace ne. Da kwamfuta ta zo ba ta san wajajen ba, sai aka mayar da shi 1 ga Janairu, wani wurin 31 ga Disamba.

Gwaggon Yara:
To sai mu zauna haka, shirin rediyon Hausa ya cika da bikin haihuwar Turawa?

Hajiyar Funtuwa:
A'a Yaya. A daina neman abin da babu, a tattara abin da ke akwai. Muna da ranakun rasuwa, muna da ranakun karramawa kamar digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988, muna da ranakun naɗin sarauta da aka yi wasa a wurin, muna kuma da waƙoƙin kansu. Waƙar makaɗin Hausa tana ɗauke da shekarunta a cikinta in ka san inda za ka duba.

Fara da wanda ake wa waƙar da laƙabin da aka kira shi da shi. Sarautu hawa-hawa ne, kuma ranakun naɗi a rubuce suke a fada. Muhammadu Bashar ya hau gadon Daura a 1966, duk baitin da ya kira shi Sarkin Daura bai riga wannan shekara ba. Soja ma haka, muƙaminsa a waƙar zai gaya maka tsakanin wace shekara da wace shekara ne. Alhaji ko Hajiya ma shaida ce in an san shekarar da mutum ya sauke farali.

Sai sunan ƙasa. An yi jihohi 12 a Mayun 1967, Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka mayar da sunan Jihar Kaduna. Jihar Katsina sai 23 ga Satumba 1987. In ka ji an ambaci gwamnan Jihar Katsina, ka san inda kake. Komawa tuƙin hannun dama 2 ga Afrilu 1972 ne.

Sai kuɗi, amma nan a taka a hankali. Naira ta fito 1 ga Janairu 1973. In ka ji naira, bayan wannan rana ce tabbas. In ka ji fam da sule, ba hujja ba ce cewa kafin 1973 ne, don mutane sun shekara da shekaru suna ce wa naira biyu fam, kwabo goma sule, naira 200 jaka. Wannan shaidar hanya ɗaya take aiki.

Babban tarkon shi ne makaɗi ba ya yin waƙa sau ɗaya ya ajiye. Amshi ɗaya zai yi shekara talatin yana hawa kansa, kowane wasa da sababbin baitoci da sunayen waɗanda ke zaune a wurin. Abin da za ka iya sa wa shekara shi ne wannan ɗaukar da ke hannunka, ba waƙar ba. Kuma sabon abu mafi kusa da ka ji a ciki shi ke yanke hukunci, ba tsohon ba.

Mai Faifai:
A ƙara da muryar mai gabatarwa in tana kan zaren. Gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962 a ƙarƙashin gwamnatin Arewa, ya koma cikin Rediyon Tarayya a 1978. Sunan da mai sanarwa ya kira tashar da shi shaida ce. Masu yanke gaban kaset don su shiga waƙa kai tsaye ba su san abin da suke zubarwa ba.

Ɗan Auta:
Muryar mawaƙin fa? Ai ana gane ta ƙuruciya da ta tsufa.

Injiniyan Sauti:
Nan ne aka fi yaudaruwa, Auta. Zaren kaset santimita 4.76 yake gudu a daƙiƙa. In rikodar da aka yi ɗauka da ita batirinta ya yi sanyi, zaren a hankali ya tafi. Ranar da ka sa shi a lafiyayyar rikoda sai ya yi sauri, murya ta sirance, kalangu ya ƙara zaƙi da gaggawa, sai ka rantse saurayi ne ke waƙar alhali dattijo ne. Saurin kashi 6 cikin ɗari ya isa ya ɗaga murya rabin mataki. Kaset ɗin kasuwa kuma kwafin kwafi ne, kowace rikoda da nata kuskuren, suna taruwa.

Ga yadda ake ganewa. A juye kaset ɗin cikin kwamfuta a matsayin WAV, wato sautin da ba a matse ba, ba MP3 ba, kuma kada a tace komai tukuna. A buɗe shi a manhaja irin Audacity, a nemi wurin da aka yi shiru, a duba hoton sautin can ƙasa. Wutar lantarkinmu bugu 50 take yi a daƙiƙa, kuma na'urar da ke jone da wuta takan bar wani ɗan gurnani a daidai 50 ɗin. In ka ga gurnanin a 53, zaren yana gudu da ƙarin kashi 6, sai ka rage har ya dawo 50. Inda dabarar ke faɗuwa: ɗaukar da aka yi da batir zalla ba ta da gurnanin, wadda aka yi da janareta kuma bugunta ba tsayayye ba ne, sannan kwafin kwafi zai nuna maka layi biyu ko uku, sai ka rasa na asali. Masu goge gurnani tun farko don sauti ya yi daɗi, ma'aunin suke gogewa. A ajiye ɗanyen kwafi daban, a yi gyara a kan wani. A kuma ɗauki hoton kwalin da rubutun da ke jikinsa kafin komai, sau da yawa kwanan watan yana nan da biro.

Na Maraɗi:
Ina da ja a kan tushen abin gaba ɗaya. Shata Musulmi ne, iyalinsa da watan Musulunci suke lissafi. Me ya sa 18 ga Yuni za ta zama ranarsa? A lissafin kalanda 4 ga Rabi'ul Awwal 1420 ce, ko da bambancin kwana ɗaya saboda ganin wata.

Malamin Lissafi:
Ba laifi a riƙe duka biyun, amma a san ba za su zauna tare ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta boko da kwana 11 ko kusa da haka, sai bayan shekara 33 suke sake kusantar juna. Mai shirin 18 ga Yuni ba zai ce yau 4 ga Rabi'ul Awwal ba. Akwai kuma wani abin da ke ɓata lissafi tsakaninsu: ranar Musulunci da faɗuwar rana take shiga. In dattijo ya ce wane ya rasu daren Juma'a, daren Alhamis ne wayewar Juma'a. Yaron da ke rubutawa sai ya sa kwanan watan Juma'a, ko ma ya ɗauka bayan isha'in ranar Juma'ar ne. Dole a tambaya: kafin sallar Juma'a aka yi jana'iza ko washegari?

Na Maraɗi:
Na yarda da lissafin, ban yarda a bar ta Hijira a gefe ba. A rubuta ta a jadawalin ko ba za a karanta ba.

Baban Ummi:
A rubuta. Wanda zai buɗe jadawalin a Excel ya ware gurbi daban-daban: rana, wata, shekara, kowanne da nasa, sai ranar mako, garin da abin ya faru, kwanan watan Hijira, da inda aka samo. In ka zuba kwanan wata a gurbi ɗaya, kwamfutar da ke kan tsarin Amurka za ta karanta 9/6 a matsayin 6 ga Satumba ba tare da ta yi maka magana ba. 18/6 ta tsira don babu wata na 18, amma duk ranar da ba ta wuce 12 ba tana cikin haɗari. Kuma Excel ba ya gane shekarun da suka riga 1900 a matsayin kwanan wata, na Stravinsky zai zauna kamar rubutu ya ƙi jeruwa da sauran. Gurbin da ba a sani ba a bar shi fayau. Shafi goma da suka kwafi juna kuma shaida ɗaya ce, a nemi jaridar makon da abin ya faru.

Gwaggon Yara:
Yaran nan biyu na Amurka fa, ba wanda ya ce komai.

Ɗan Auta:
Su daidai ne Gwaggo. XXXTentacion ranar Litinin 18 ga Yuni 2018 aka harbe shi a Deerfield Beach a Florida, yana da shekara 20. Takeoff na ƙungiyar Migos 18 ga Yuni 1994 aka haife shi, shi ma harbinsa aka yi, a Houston ranar 1 ga Nuwamba 2022. Akwai ma wanda jerin ya manta, Trippie Redd, an haife shi a Ohio ranar 18 ga Yuni 1999, ranar da Shata ya rasu.

Hajiyar Funtuwa:
Wannan na ƙarshen a rubuta shi a jadawali, amma mai shiri kada ya karanta su a numfashi ɗaya. A fara da Shata, a ba shi rabin lokacin, a sa waƙa guda cikakkiya ba gutsure ba, kuma a faɗi ko ɗaukar sutudiyo ce ko ta wurin biki. Sauran su biyo bayan talla.